Zaren Da Ido Ba Ya Gani

Jama'a, ranar Asabar ɗin da ta wuce na sauka a Agege, nan birnin Ikko, sai na tarar mutane sun kewaye wani saurayi a ƙarƙashin wata rumfa. Ya karɓi takardar naira ɗari biyu daga hannun wani mai goro, ya dunƙule ta, ya ɗora a tafin hannunsa, sa'an nan ya janye hannun a hankali. Takarda ta tsaya cak a iska. Wani dattijo da ke kusa da ni ya ja da baya yana a'uziyya, wai yaron nan da mutanen ɓoye yake aiki.

Allah ya ba Baba haƙuri, babu aljani ko ɗaya a wurin. Zare ne.

'Yan dabo sukan sami zaren nailan irin na safar mata, su warware shi har su zare sili ɗaya, wanda ya fi gashin kai siranta. Baki ɗaya su liƙa shi da ɗan kakin zuma a maɓallin riga ko a bayan kunne, ɗaya bakin kuwa su manna shi a jikin tebur ko wani abin da ke gabansu, sa'an nan a dunƙule takardar a kansa. In ɗan dabo ya ja jikinsa baya kaɗan, zare ya miƙe, takarda ta tashi. In ya matso, ta sauka. Hannayen nan da yake ta kaɗawa kuwa, aikinsu su ɗauke maka hankali ne kawai. Silin ba shi da ƙarfi, shi ya sa ba za ka ga an tayar da dutsen niƙa ba, sai zobe, ko karan sigari, ko tsinken ashana. Ku lura kuma, yakan nemi inuwa, ya sa riga mai duhu, domin in hasken rana ya bugi zaren, asiri ya tonu.

A ganina babbar dabarar ita ce aron kayanka da yake yi. Da ya fito da wani akwatinsa na musamman, da akwatin za ka zarga. To, amma kuɗinka ne, yanzu ka ciro shi daga aljihu, wa za ka tuhuma?

Abin ba na yau ba ne. Tun cikin 1584 wani Baturen Ingila, Reginald Scot, ya rubuta yadda ake huda tsabar kuɗi a ɗaura mata dogon gashin mace, a sa ta gudu a kan tebur. Nufinsa shi ne mutanensa su bar kashe bayin Allah da sunan maita. Da aka ƙago nailan a Amurka cikin 1935, sai gashi ya huta. A 1997 kuwa David Blaine ya fitar da dabo irin na kan titi a talabijin, samari a ƙasashe da dama suka kwaikwaya.

Ni ba ni da faɗa da saurayin Agege, gama bai ce wa kowa shi waliyyi ne ba. Wanda nake jiye muku shi ne mai shigar da mutum ɗaki mai duhu, ya turnuƙe shi da hayaƙin turare, ya sa laya ta tashi sama da wannan silin dai, sa'an nan ya ce aljanunsa na ninka kuɗi, a je a sayar da sa ko gona a kawo. In an kai ka irin wannan ɗaki, Malam, ka nemi a buɗe taga, ka kuma sa hannunka ka kewaya layar sama da ƙasa, ka ga ko zai yarda.

Shi dai saurayin namu ya warware takardar, ya mayar wa mai ita, ya zagaya da hularsa aka jefa masa abin da ya sawwaƙa. Mai goro ya karɓi kuɗinsa da yatsu biyu, ya jujjuya, ya tofa musu addu'a, ya sa a aljihun gaba su kaɗai, bai yarda ya haɗa su da sauran cinikin ranar ba.