Hasken Arewa: Kada Mamaki Ya Zama Tsoro Ko Raini

A daren Juma'a, 10 ga watan Mayu 2024, miliyoyin mutane a Turai da Amurka da Asiya suka fito ƙofar gidajensu, suka ɗaga kai, suka ga sama ta rine da ja da kore da shunayya, tana kaɗawa kamar labulen da iska ke hurawa. Wannan shi ne hasken arewa, wanda masana ke kira orora. Bisa al'ada, mutanen can ƙuryar arewacin duniya ne kaɗai suke ganinsa, irin su Norwe da Kanada da Alaska. Amma a wannan dare sai ya gangaro har Ingila da Faransa da Italiya, har ma Meziko da tsibiran Kanari da ke daura da gaɓar Afirka. A kudancin duniya kuma aka ga takwaransa a Afirka ta Kudu da Namibiya.

Kafin a kwana biyu labarin ya iso mana nan Babban Mutum, ta rediyo da kuma hotunan da ke yawo a wayoyi. Kamar yadda muka saba, sai jama'a suka rabu gida biyu. Waɗansu suka ce ai wannan alamar tashin duniya ce, gabansu ya faɗi. Waɗansu kuwa suka taɓe baki suka ce ƙaryar Turawa ce kawai, da kwamfuta aka haɗa hotunan. Mu a namu ra'ayi, duka biyun sun yi kuskure, kuma kuskuren nasu iri ɗaya ne: kowannensu ya yanke hukunci bai tsaya ya tambaya ba. Abin da muke so ɗalibanmu su riƙe daga wannan maƙala ke nan. In labari mai ban mamaki ya zo, a fara da tambaya, domin matambayi ba ya ɓata.

To, mene ne wannan haske? Asalinsa daga rana ne. Rana tana nesa da mu kimanin kilomita miliyan 150, kuma ba a natse take ba yadda muke zato. Lokaci lokaci takan yi aman waɗansu ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da lantarki, su taso cikin sarari da gudu mai tsanani, su iso duniyarmu cikin kwana ɗaya zuwa uku. Ita kuma duniya, Allah ya yi ta kamar wani babban maganaɗisu, mai kai biyu, ɗaya a arewa ɗaya a kudu. Wannan ƙarfin maganaɗisu shi ne garkuwarmu. Yakan kare mu daga yawancin ƙwayoyin, ya karkatar da sauran zuwa kawunan nan biyu. A can ne suke karo da iskar da ke sama, a tsayin kilomita 100 zuwa 300, sai iskar ta ba da haske. Iskar oksijin, wadda muke shaƙa, ita ce ke ba da kore a ƙasa ƙasa, ja kuma a can sama. Naitirojin shi ke ba da shuɗi da shunayya. Duk wanda ya taɓa ganin doguwar fitilar lantarki ta ofis ya ga ɗan misalin abin: lantarki ya ratsa iska a cikin gilashi, haske ya fito.

Me ya sa ya gangaro kudu a 2024? Saboda aikin rana yakan hau ya sauka a zagaye na kimanin shekara 11, kuma wannan shekarar ta faɗo a kan ganiyarsa. Wani baƙin tabo ya bayyana a fuskar rana, faɗinsa ya ninka na duniya fiye da sau 15, ya yi aman ƙwayoyi a jere. Guguwar da ta biyo baya ita ce mafi ƙarfi tun daga 2003. Abin lura a nan shi ne, hukumar Amurka mai kula da yanayin sarari ta yi gargaɗi tun ranar 9 ga Mayu, kafin abin ya auku. Mai ƙarya ba ya gaya maka ranar da za ka fita ka duba da idonka.

Wani ɗalibi zai tambaya, ko mu ma wata rana za mu ga wannan haske a ƙasar Daura? Gaskiya da wuya ƙwarai. Layin da ya raba maganaɗisun duniya gida biyu ya ratsa ta Najeriya, wato muna cikin wuraren da suka fi ko'ina nisa da kawunan nan biyu. Amma wannan bai sa mun zama 'yan kallo kawai ba. A saman ƙasarmu, a tsayin kimanin kilomita 100, akwai wani kogin lantarki da ke gudana da rana yana bin wannan layi. Ɗaya daga cikin manyan masanan duniya a kan wannan kogi ɗan Najeriya ne, Farfesa Cyril Onwumechili, wanda ya yi bincikensa a Jami'ar Ibadan, ya kuma wallafa littafi sukutum a kansa a 1997. Ashe ke nan ilimin sararin sama ba gadon Turawa ba ne su kaɗai. Ko a nan jiharmu, tarihi ya adana sunan Muhammadu al-Katsinawi, masanin lissafi da taurari, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741.

Bugu da ƙari, ko da ba mu ga hasken ba, guguwar rana tana taɓa rayuwarmu. Dattijon da ke sauraron labarai a gajeren zango bai san cewa muryar da yake ji sai ta doki wani rufin iska mai lantarki a sama kafin ta sauko cikin akwatin rediyonsa ba. In rana ta yi aman nan, wannan rufi yakan rikice, tasha ta ɓace na ɗan lokaci. A watan Satumba 1859 wani masani a Ingila, Richard Carrington, ya ga walƙiya a fuskar rana, ba a cika kwana guda ba wayoyin tangaraho suka rikice a Turai da Amurka, aka ga hasken arewa har ƙasar Kuba. A watan Maris 1989 irin wannan guguwa ta kashe wutar lantarki a lardin Kwibek na Kanada, mutum kusan miliyan 6 suka zauna ba wuta har awa 9. A 2024 kuma, manoma a Amurka sun dakatar da shuka saboda motocin nomansu masu bin jagorar tauraron ɗan Adam sun rasa hanya. Yau da wayoyinmu da bankunanmu da jiragen da ke kai alhazai da masu ziyarar Urushalima duk sun dogara da taurarin ɗan Adam, wa zai ce wannan ilimi bai shafe mu ba?

Mu ma muna da namu abin mamakin da muka gani a sama, kuma ya ishe mu darasi. Ranar Laraba, 29 ga Maris 2006, da hantsi, inuwar wata ta ratso daga Gana da Togo da Binin, ta bi ta Gusau da Katsina, ta wuce Maraɗi da Damagaram. Inda ta bi sosai, rana ta rufe ruf na 'yan mintoci, gari ya yi duhu, zafi ya sauka, kaji suka nufi akurki. A nan ƙasar Daura ma duk wanda ya yi wayo a lokacin yana tune da yadda hasken rana ya dushe. Amma an wuce ranar lafiya. Me ya sa? Saboda tun makonni kafin nan gwamnati da gidajen rediyo da malaman addini, na masallaci da na majami'a, sun yi ta shela cewa husufi na zuwa, rana kaza, lokaci kaza, kada a firgita, kada kuma a kalli rana da ido tsirara. Da abin ya zo daidai yadda aka faɗa, sai mamaki ya maye gurbin tsoro.

Mu kwatanta wannan da abin da ya faru a Maiduguri a watan Janairu 2001. An yi husufin wata da dare, waɗansu matasa suka ɗauka cewa zunubin waɗansu mutane ne ya jawo shi, suka fita suka ƙone otal otal da wuraren kasuwancin jama'a. Alhali inuwar duniya ce kawai ta faɗa a kan wata, abin da masana suka lissafta shekaru da yawa kafin ya auku. Dukiya ta salwanta, zumunci ya yi rauni, a kan abin da darasin minti goma a aji ɗaya na sakandare zai warware. Lalle rashin sani ya fi dare duhu. Ba mu kawo wannan don mu nuna wani da yatsa ba. A cikinmu Kirista ma akwai masu wa'azin da kowace tauraruwa mai wutsiya sai sun sa wa duniya ranar tashi, ranar ta zo ta wuce, su sake sa wata, ba ko kunya.

Addininmu bai koya mana haka ba. Zabura ta 19 ta nuna mana sararin sama a matsayin mai shaidar ikon Mahalicci. Annabi Irmiya, a sura ta 10, ya gargaɗi jama'ar Allah kada su bi al'adar masu razana da abubuwan da suke gani a sama. Ubangijinmu Yesu kuma ya bayyana sarai cewa sanin ranar ƙarshe ba a hannun mutum yake ba. Maƙwabtanmu Musulmi ma suna da koyarwa cewa rana da wata ba sa yin husufi don mutuwar wani ko haihuwarsa, sai dai a yi salla a tuna da Allah. To, in littattafanmu sun hana mu firgita, daga ina muka samo ta? Sanin yadda abu yake aiki ba ya rage girman wanda ya yi shi. Wanda ya san yadda ƙwayar gero take tsiro, shi ya fi kowa gode wa Allah in damina ta yi albarka. Kada mu manta kuma, wanda ya fara kawo bayanin cewa sararin samaniya yana faɗaɗa daga wani mafari, a 1931, limamin coci ne ɗan Beljiyam, Georges Lemaître.

Sai mu juya ga masu raini. Ba mu ce ba su da hujja ko kaɗan ba. Hotunan ƙarya sun yi yawa a wayoyi, kuma ko hotunan gaskiya na hasken arewa sukan fi abin da ido ya gani armashi, saboda kyamara tana tara haske fiye da idon mutum. Masana ma sukan yi kuskure, su dawo su gyara. Don haka shakka ba laifi ba ce. Laifin shi ne shakkar da ba ta tashi ta bincika. A watan Yuli 1969, da aka ce mutum ya taka wata, dattawa da yawa a ƙasar nan sun rantse ba zai yiwu ba, har yau ma akwai masu musu. Amma waɗanda suka je sun bar madubai a can, kuma har yanzu masana a ƙasashe daban daban suna harba haske ya doki maduban ya dawo, suna auna nisan wata da shi. Mai cewa kome ƙarya ne da mai gaskata kome, dukansu sun huta da wahalar tunani ne.

Saboda haka muna ba ɗalibanmu tambayoyi uku, su riƙe su kamar yadda suke riƙe jadawalin lissafi. Ta farko: wa ya gani, kuma mutum nawa ne, a wurare nawa? Abin da aka gani a ƙasashe da yawa a dare ɗaya ya bambanta da hoton da wani ya turo ba suna ba kwanan wata. Ta biyu: yaya aka auna, kuma wani zai iya sake aunawa? Ta uku: shin bayanin ya faɗi abin da zai faru nan gaba, har a iya kama shi in ya yi ƙarya? Ga misali nan a hannunku. Masana sun ce ranar 20 ga Maris 2034 za a yi cikakken husufin rana da zai bi ta kudancin Najeriya, mu kuma a arewa mu ga wani sashe na rana ya rufe. Ku rubuta wannan a bayan littafinku. Yawancinku za ku zama magidanta da iyayen 'ya'ya a lokacin, sai ku duba da kanku, amma da tabarau na musamman, domin kallon rana kai tsaye yana ƙone ido ba magani.

Muna kuma da kira ga iyaye da malamai 'yan'uwanmu. Allah ya ba mu wata dukiya da mutanen manyan birane suka rasa, wato duhun dare. A Kano ko Legas hasken fitilu ya shafe taurari, amma a nan, in damina ta wanke ƙura, sama takan cika fal. Kakanninmu sun san Zara da Gamzaki da Kaza Mai 'Ya'ya, suna duba su don sanin lokaci. Yau yaro zai gama aji shida bai iya nuna ko ɗaya ba. Ba a bukatar kuɗi kafin a gyara wannan. Malamin kimiyya da tabarma da dare guda a kowane zangon karatu sun isa a fara. A sa yara su zana siffar wata kowane dare har wata guda, su gano da kansu dalilin da ya sa yake ƙaruwa yana raguwa. A gayyaci dattawan gari su koya musu sunayen taurari da Hausa. Yaron da ya saba da kallon sama da tambaya, ba mai ruɗa shi da jita-jita ya ba shi ashana ya ce ya je ya ƙone shagon maƙwabcinsa.

Daga ƙarshe, ya ku ɗalibanmu masu fita bana, za ku shiga duniyar da labarai masu ban mamaki za su riƙa zuwar muku kowace safiya, na gaskiya da na ƙarya a cakuɗe. Ku yi mamaki, domin wanda ya daina mamaki ya daina koyo. Amma bayan mamakin ku tambaya, ku auna, sa'an nan ku yi magana. Ubangiji Allah, wanda ya shimfiɗa sammai ya kuma ba mutum hankali, ya bi da ku cikin gaskiya. Amin.