Waya ta riga malamin tarihi shiga aji

Daren jiya babban ɗana, ɗan aji biyar na sakandare, ya miƙo min waya ya ce, "Baba, kalli wannan." Bidiyo ne na minti biyu a TikTok kan juyin mulkin 15 ga Janairu 1966. An sa hoton Sardauna da na Tafawa Ɓalewa, an sa kiɗa mai sa kuka, sai wani ya dinga zagin ƙabila guda tun daga farko har ƙarshe. Na tambaye shi me ya faru a watan Yuli na wannan shekarar, me kuma ya kai mu yaƙin basasa a 1967. Shiru kake ji.

Ban ga laifinsa ba. Wajen 2009 aka cire darasin tarihi daga firamare da ƙaramar sakandare, sai a 2022 aka sanar da dawo da shi. To ina malaman? Kafin a horar da isassu, waya tana can tana koyar da su son ranta.

Shi ya sa nake goyon bayan a koyar da tarihinmu na zamani ta intanet, ko da malami yana Zariya ɗalibi yana Gumel. Wani abokin aikina ya ce wannan ai karatun 'ya'yan masu kuɗi ne. In Zoom yake nufi, ya yi gaskiya: ga tsadar data, ga rashin wuta. Amma saƙon murya na minti goma da Hausa a WhatsApp, da hoton takarda guda, nawa za su ci?

Takardun kuwa muna da su. Suna nan jibge a gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna da kuma Arewa House. Ga tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939. A ɗauki hotonsu a sa a intanet. A tura wa yaro rahoton Turawan mulki kan rikicin Kano na 1953, a haɗa masa da abin da jaridu suka rubuta, a ce ya faɗi wa ya rubuta kowanne, kuma don wa. Wanda ya saba da irin wannan tambayar, wallahi bidiyon minti biyu ba zai ja shi ta hanci ba.

Sharaɗi ɗaya ne: dole a samu malami a zauren da zai amsa tambaya, ya kuma tsawatar in musu ya koma zagi. Ba a zuba takardu a watse ba.

Ni dai na ba nawa aiki. Ranar Asabar zai je wurin kakarsa da wayar nan, ya naɗo muryarta tana ba da labarin yadda suka ji mutuwar Sardauna, da abin da ya sami maƙwabtansu Inyamurai a watannin da suka biyo baya. Ta haura tamanin, kuma har yau babu wanda ya taɓa tambayar ta.