Haɗarin wurin aiki: wa aka gaya wa, kuma yaushe?

A cikin watan Nuwamba na shekarar 2021, ramin haƙar zinariya ya rufta a Garin Liman, kusa da Ɗan Isa cikin jahar Maradi, ya hallaka mutane aƙalla 18. Aka yi jana'iza, aka yi gaisuwa, aka watse. Tambayar da ba a saba yi ba a ƙasar nan bayan irin wannan masifa ita ce: kafin ranar, wa ya lura bakin ramin yana zaizayewa, wa ya faɗa wa, kuma me aka yi?

Akwai hanyar da masana tsaron ma'aikata suka daɗe da shimfiɗawa domin amsa ta tun kafin a yi gawa. Ana ɗaukar aiki guda a rarraba shi mataki-mataki, a tsaya a kowane mataki a nemi abin da zai iya cutar da mai yinsa, sannan a rubuta maganinsa. A ɗauki mai walda da aka kawo wa tankar mai ta tsage. Juye man da ya rage mataki ne, wanke cikin tankar mataki ne, auna tururin da ya saura shi ma mataki ne, kuma a nan ne ake mutuwa, domin tankar da ido ke gani fanko tana iya fashewa da tartsatsi guda. Ƙa'idar ta ce a fara da kawar da haɗarin gaba ɗaya. In ya gagara a canza kayan aiki ko a yi shinge. Hular kwano da safar hannu su ne na ƙarshe. A nan kuwa da su ake farawa, da su ake ƙarewa, in ma an saya.

Faransa ta wajabta wa kowane mai ɗaukar ma'aikata rubuta irin wannan kundi tun 2001. Sai dai takarda tana da halinta: ta kwana cikin kabad, gara ta ci, ko a zauna a cika ta da daren da aka yi haɗari a sa mata kwanan watan bara. Ma'aikacin gwamnati ya san wannan dabara sarai.

Shi ya sa manhajojin da ake sakawa cikin na'ura mai ƙwaƙwalwa da wayar salula suka cancanci a dube su da kyau. Shugaban leburori zai ɗauki hoton wayar lantarki da ta kwaye, manhaja ta auna yiwuwar haɗarin da girman ɓarnarsa, ta aika wa wanda gyaran ya rataya a wuyansa, ta ci gaba da tuna masa. Wasu ma ba sa fitar da izinin fara aiki sai an cika kowane mataki. Mafi girman amfaninsu shi ne suna riƙe suna da rana da sa'a. Ubangidan da aka sanar da shi ranar Litinin ba zai tashi ranar Alhamis ya rantse bai ji ba.

To amma a yi hattara da masu talla. Na'ura ba ta shaƙar ƙura, ba ta taɓa hawa tsani ba. Yawancin manhajojin suna zuwa da jerin haɗura da aka riga aka tsara a Turai ko Amurka, kuma malalacin jami'i zai kwafe na jiya ya liƙa wa aikin yau yana zaune cikin sanyin ofis. Wanda ya tsara jerin a can bai san zafin watan Afrilu a Tawa ba, bai san ɗan dako na ɗaukar buhun kilo 100 a ka ba. Wanda ya sani shi ne leburan, shi kuwa sau da yawa ba ya karanta Faransanci. Manhajar da ba ta karɓar murya da hoto, ba ta jin Hausa ko Zabarmanci ko Tamashek, ado ce kawai ga rahoton ƙarshen shekara.

Matatar SORAZ da aka buɗe a Damagaram a 2011, da ma'adinan Arlit, da masana'antar siminti ta Malbaza suna da injiniyoyinsu. Abin damuwa yana wajen ƴan kwangilar da ke ƙarƙashin manyan kamfanoni, da garejoji, da wuraren gini, da rumbunan ƴan kasuwa, inda in yaro ya karye sai a kai shi wajen mai ɗori a ba shi jikka biyar a ce Allah ya kiyaye gaba. Ɗan kasuwa ya yi lissafi: kuɗin manhaja na shekara bai kai motar kaya guda da ta ƙone ba.

Ya kamata gwamnati ta sa wannan bincike cikin sharuɗɗan duk wata kwangilar da take bayarwa, ta kuma ba masu binciken aiki da hukumar CNSS da wakilan sandika damar buɗe bayanan da kansu, ba sai sun nemi iznin mai kamfani ba.