Lafiyar Iyali: Sitem sel da ciwon suga, kada ki ajiye allurar ɗanki

In kina da yaro mai ciwon suga, wataƙila an turo miki tallar "sitem sel" a WhatsApp, wai yana warkar da ciwon gaba ɗaya. Kafin ki tura kuɗi, mu duba lamarin tare.

Ciwon suga nau'i na 1, wanda ya fi kama yara, yana faruwa ne idan garkuwar jiki ta lalata ƙwayoyin da ke samar da insulin a cikin fankiriyas, wata gaɓa da ke bayan tumbi. Su kuwa sitem sel ƙwayoyin asali ne da masana ke renonsu a ɗakin bincike har su koma masu samar da insulin, sannan a dasa su a jikin mara lafiya.

Ana samun ci gaba. A 2024, masana a China sun ba da rahoton wata mata 'yar shekara 25 da aka yi wa dashen da ƙwayoyin jikinta, ta kuma daina allura. A 2025, kamfanin Vertex na Amurka ya fitar da sakamakon gwajinsa: cikin mutum 12, mutum 10 sun daina allurar insulin bayan shekara guda. Sai dai duk manya ne, kuma dole su riƙa shan magungunan danne garkuwar jiki, waɗanda ke buɗe ƙofa ga wasu cututtuka masu haɗari. Har yanzu gwaji ake yi.

Don haka garin da ake jiƙawa a sha, ko ƙwayar da ake tallatawa da wannan suna, ba wannan aikin ba ne. Duk ƙwayar halittar da aka haɗiye, ciki zai narkar da ita kamar abinci.

Abin tsoron shi ne a ce miki ki dakatar da insulin. Yaro mai nau'i na 1 zai iya galabaita cikin kwana ɗaya ko biyu. In kin ga amai, ƙishirwa mai tsanani, yawan fitsari ko numfashi da sauri, ki garzaya da shi asibiti.

Ki ci gaba da allura da auna suga, ki kuma nuna wa likitansa duk abin da aka kawo miki. An taɓa yi miki irin wannan talla? Faɗa mana a ƙasa, wata uwar za ta amfana. Allah Ya ba yaranmu lafiya.