Sabuwar Prado da hanyoyin Adar: lissafin da ya kamata mai saye ya yi tun kafin ya biya

A Madawa, Buza da Keita, in aka ce wane ya sayi babbar kat-kat, yawanci Prado ake nufi. Ita ce motar manyan ƴan kasuwa, ta shugabannin ma'aikatu da ta ƙungiyoyin agaji. Kamfanin Toyota ya nuna wa duniya sabon samfurinta ranar 2 ga Agusta 2023, mako guda bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Yamai. Tun daga nan abubuwa biyu suka sauya tare: ƙirar motar, da hanyar da take bi kafin ta iso Nijar. Duk mai niyyar zuba ribar albasar shekaru a cikinta, ya dace ya duba su duka biyun.

Me aka sauya a jikinta?

Tsohuwar Prado, mai lamba 150, ta fito a 2009, ta kuma yi shekara 14 a kasuwa. Sabuwar, mai lamba 250, an ɗora ta a kan irin shasin da ke ɗauke da yayarta Land Cruiser 300 da kuma Lexus GX 550. Tsawonta ya kusa mita 5, faɗinta mita 1,98, kuma Toyota ta ce ƙarfin shasin ya ƙaru da kashi 50 cikin ɗari.

Injin gazwal ɗinta na lita 2,8 yana ba da ƙarfin doki 204, da giya takwas mai sauya kanta. Akwai na fetur mai lita 2,7 da ƙarfin doki 163, akwai kuma mai lita 2,4 da turbo wanda ya kai doki 280. Sitiyarin ya koma aiki da lantarki, karo na farko a dangin Land Cruiser. A ciki akwai kujeru biyar ko bakwai, babban allo a gaban direba, da kamarori masu nuna masa dutse ko ramin da ke gaban taya.

Abin da ƙasar Adar ke nema

Wanda ya san hanyoyin ƙauyukan Garhanga, Ibohaman, Karofan ko Alakai ya san abin da mota ke fuskanta: duwatsu masu kaifi a kan tudu, rairayi a kwarin Tarka da na Majiya, ƙoramu masu cika cikin sa'a guda a watan Agusta. A nan ne Prado ta samu sunanta. Jikinta yana zaune a kan shasin ƙarfe kamar na babbar mota, tayoyinta huɗu suna ja a kowane lokaci, tana da ƙaramar giya ta hawan dutse da fita daga rairayi, cikinta kuma ya ɗaga daga ƙasa da kamar santimita 22. Sabuwar ta riƙe waɗannan duka.

Sai dai akwai wurare biyu da takardar talla ke iya ruɗin mutum. Na farko tayoyi ne. Samfurin da ya fi tsada yana zuwa da ƙafafu masu inci 20, wato roba siririya, wadda ta dace da kwaltar birni amma dutsen Keita ke saurin yanka ta. Mai inci 18 ya fi jure wa hanyar karkara. Na biyu ruwa ne. An ce motar tana ratsa ruwa mai zurfin santimita 70, amma wannan awo na ruwan da ke kwance ne. Ƙorama mai gudu tana iya ture motar da ta haura tan biyu tun ruwan bai kai haka ba. Daminar 2024, wadda ambaliyarta ta kashe mutum sama da 300 a faɗin ƙasa, ta nuna cewa tsadar mota ba ta maye gurbin gada.

Mai da makanike

Da yawa daga cikin tsofaffin Prado da aka yi wa kasuwar Afirka suna da injin gazwal na lita 3 marar turbo. Ba shi da gudu, ƙarfinsa bai kai doki 100 ba, amma makaniken Madawa yana kwance shi ya mayar da kayan aikin da ke hannunsa. Sabon injin yana fesa mai da matsi mai tsanani ta ƙananan ƙofofi, kuma kwamfuta ce ke sarrafa shi. Ɗan ruwa ko ƙura a cikin gazwal ya isa ya lalata bututun fesawar, gyaransu kuwa sai da na'urar bincike da ƙwararre.

Wannan ya sa batun mai ya zama babba. Matatar SORAZ ta Damagaram, wadda ta fara aiki a 2011, an gina ta ne don tace ganga 20.000 a rana. Shekaru da dama man Najeriya mai rahusa, wanda ƴan ruwa-ruwa ke sayarwa a kwalabe da jarkoki, shi ke cike giɓin garuruwan bakin iyaka. Da Najeriya ta cire tallafin fetur a ƙarshen Mayun 2023, jama'a suka koma gidajen mai, buƙata ta yi yawa, har aka ga dogayen layuka a watan Maris na 2025. Ranar da gidan mai ya rufe, mai tsohuwar mota yana iya sayen na jarka ya ci gaba da tafiya. Mai sabuwa in ya yi haka, yana caca ne da injinsa. Motocin da aka yi wa kasuwar Turai sun fi wahala, don suna da matatar hayaƙi da tankin wani ruwa mai suna AdBlue, wanda ba a kowane gari ake samunsa ba.

Ga misalin kuɗin tafiya. A Yulin 2024 gwamnati ta sauke litar fetur zuwa sefa 499, ta gazwal daga 668 zuwa 618. Daga Madawa zuwa Yamai kamar kilomita 500 ne. In mai gazwal ta sha lita 10 a kowane kilomita 100, zuwa da dawowa zai ci kusan jika 62. In mai fetur ta sha lita 13, kuɗin ya kusa jika 65. Tazarar ba ta da yawa, don haka sauƙin gyara ya kamata ya raba gardama tsakanin injinan biyu.

Hanyar teku ta yi nisa

Kafin 2023, motocin Nijar mafi yawa daga tashar jirgin ruwan Kotonu suke fitowa, su ratso Gaya da Doso. CEDEAO ta ɗage takunkuminta ranar 24 ga Fabrairu 2024, amma Yamai ta bar iyakarta da Benin a rufe. Kaya suka koma bi ta Lome da Burkina Faso, cikin ayari da rakiyar sojoji, hanya mai tsawo da jira. A Japan, lokacin da aka fara sayar da sabuwar motar a Afrilun 2024, farashinta ya kama daga yen miliyan 5,2 zuwa 7,35, wato kamar sefa miliyan 21 zuwa 29 a canjin lokacin. A kan wannan za a ɗora kuɗin jirgi, na hanya, na duwan, harajin TVA na kashi 19 cikin ɗari, da sabon harajin AES na rabin kashi ɗaya cikin ɗari da aka amince da shi a Maris 2025.

Kayan gyara ma wannan hanyar suke bi. Na tsohon samfuri suna cike a Sakkwato da Kano, suna shigowa ta Ƙonni ko Maraɗi. Na sabon kuwa sai a wurin wakilin Toyota, kamfanin CFAO a Yamai, ko a yi oda daga waje. Motar ɗan kasuwa da ta kwana uku a gareji lokacin cinikin albasa, asararta ta wuce kuɗin gyaran.

Ga hukumomi, lissafin ya fi nauyi, don kuɗin jama'a ne. Inda aikin shi ne ɗauko mai naƙuda daga ƙauye zuwa asibitin Buza, Land Cruiser samfurin 70, da ake ƙerawa tun 1984, ta fi dacewa, kuma makanikan yankin sun san ta ciki da waje.

Mai saye da kuɗin aljihunsa kuwa, ya nemi amsar tambayoyi huɗu kafin ya miƙa kuɗi: wace kasuwa aka yi wa motar, Afirka ko Turai? Wane makanike ne a jahar Tawa ke da na'urar duba ta? Kwana nawa kayan gyaranta ke yi kafin su iso? Takardun duwan ɗinta sun cika? In dillali ya kasa amsa ko da guda, gara a dakata.