Wanda Aka Raba da Asalinsa Ba a Ce Masa Ya Yi Godiya



Tun bayan yaƙin Koriya da ya tsaya a 1953, yara kusan 200,000 aka kwasa daga Koriya ta Kudu zuwa Amurka, Faransa, Suwidin da wasu ƙasashe da sunan riƙo. Yau sun girma, kuma duk wanda ya tashi neman mahaifiyarsa sai a ce ya butulce wa waɗanda suka raine shi. Ni kam ban yarda da wannan magana ba!

Shin ciyarwa da tufatarwa suna halatta a shafe wa yaro sunansa da harshensa? A 2025 hukumar binciken gaskiya ta ƙasar ta tabbatar cewa an rubuta wasu yaran a matsayin marayu alhali iyayensu na raye. Dubi Adam Crapser: an kai shi Amurka a 1979 yana ɗan shekara 3, masu riƙonsa ba su nema masa takardar zama ɗan ƙasa ba, sai aka kore shi a 2016 zuwa ƙasar da ko harshenta bai iya ba. Godiyar me zai yi?

Ya ɗan'uwa, Musulunci ya kwaɗaitar da riƙon maraya, amma ya hana a jingina shi ga wanin mahaifinsa. Nasaba haƙƙin yaro ce. Mai neman tushensa haƙƙinsa yake nema, kuma wajibi ne a buɗe masa takardunsa.

Allah Ya sada su da danginsu, amin.