BVAS ba ta ƙirga ƙuri'a: me kotu ke dubawa idan na'ura da takarda suka saɓa?

Daga Sabon Ibadan zuwa Agege, har kasuwar shanu ta Lokpanta, idan hirar zaɓe ta tashi ba a rasa mai cewa "ai yanzu na'ura ke ƙirge, ba mai iya taɓa ƙuri'arka." Jama'a, ba haka ba ne. A zaɓen da hukumar INEC ke shiryawa, hannu ne ke ƙirga ƙuri'a, ɗaya bayan ɗaya, a gaban mutane. Aikin BVAS biyu ne: ta tantance ka da yatsa ko fuska, sannan bayan an gama ƙirge ta ɗauki hoton takardar sakamako, wato fom EC8A, a tura shi shafin IReV a intanet. Iyakarta ke nan. Bayan zaɓen 2023 an yi ta kiran a gyara dokar zaɓe, kuma ni a ganina tambaya ɗaya ce ya kamata gyara ya amsa: idan lissafin na'ura da na takarda suka saɓa, wanne ake ɗauka?

Kotunanmu sun amsa ta fiye da sau ɗaya, kuma ba a taɓa ba na'ura gaskiya kai tsaye ba. A 2015 aka kawo kad rida. Da shari'ar gwamnan Ribas tsakanin Nyesom Wike da Dakuku Peterside ta kai Kotun Ƙoli a farkon 2016, alƙalai suka ce kad rida ba ta maye gurbin rajistar masu zaɓe ba, domin a ƙa'idojin INEC kawai take, ba ta cikin dokar da majalisa ta yi. Wannan giɓin ne dokar zaɓe ta 2022, wadda Buhari ya sa wa hannu ranar 25 ga Fabrairu, ta zo ta cike. Sashe na 47 ya shigar da na'urar tantancewa cikin doka.

Sai ga Osun, nan kusa da mu. A zaɓen 16 ga Yuli 2022, Ademola Adeleke ya samu ƙuri'a 403,371, Gboyega Oyetola kuma 375,027. Oyetola ya kai ƙara cewa an yi aringizo a rumfuna 744, yana riƙe da rahoton da aka ciro daga rumbun bayanan INEC. Kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta yarda da shi ranar 27 ga Janairu 2023, alƙalai biyu da ɗaya, ta ce shi ya ci. Amma akwai matsala: lokacin da aka ciro wancan rahoton, ba duk bayanan da ke cikin na'urorin ne suka gama hawa rumbun ba, saboda haka adadin waɗanda aka tantance ya fito ƙasa da yadda yake a cikin na'urar. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke hukuncin a watan Maris, Kotun Ƙoli ta tabbatar da Adeleke ranar 9 ga Mayu. Abin da ta ce shi ne, mai zargin aringizo sai ya kawo abin da ke cikin ita na'urar da aka yi aiki da ita a rumfar, haɗe da rajista da fom EC8A. Abin da ke rumbun Abuja kwafi ne, ba asali ba. Ranar 26 ga Oktoba 2023 kuma, a shari'ar shugaban ƙasa, kotun ta ce IReV wurin kallon sakamako ne, ba wurin tattara shi ba, don haka rashin ɗora hoto a can bai isa a rusa zaɓe ba.

Mu da muka tashi a harkar shanu mun san wannan. Kafin tirela ta bar kara, Baba ba ya yarda sai an daidaita: idan aka sauke a Kudu, lissafin takardar lodi da na kawunan da suka sauka suka saɓa, na wa za a bi, kuma wa ke ɗaukar asara. Ba a barin wannan magana sai mota ta iso. To 'yan majalisarmu sun bar ta a dokar 2022. Sashe na 60 cewa ya yi malamin zaɓe ya miƙa sakamako ta hanyar da hukuma ta tsara, bai ce lallai ta intanet ba. INEC ta yi alƙawari a baki da cikin ƙa'idojinta, kotu kuwa doka take karantawa.

Ko a inda na'ura ke karanta ƙuri'a da gaske, haka abin yake. A wasu gundumomin jihar Filorida ta Amurka a 2000, mai zaɓe kati yake hudawa, na'ura ta ƙirga hujin. Wasu katunan ba su huje sosai ba, na'ura ta tsallake su, kuma kowace gunduma da nata ma'aunin na abin da za a kira ƙuri'a. Kotun Ƙolin ƙasar ta tsayar da sake ƙirge ranar 12 ga Disamba, George Bush ya tafi da jihar da ratar ƙuri'a 537 kacal. Sai a 2002 suka yi dokar da ta tilasta wa kowace jiha ta rubuta ma'auni guda na abin da ake ɗauka a matsayin ƙuri'a.

Yanzu ga inda abin ya shafe mu kai tsaye, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami. Sashe na 51 na dokar 2022 ya sauya ma'anar aringizo. A da sai ƙuri'u sun zarce yawan masu rajista a rumfa. Yanzu da zarar sun zarce yawan waɗanda aka tantance, malamin zaɓe zai soke sakamakon rumfar baki ɗaya. Ku duba yadda rumfunan unguwanninmu suke: cunkoso, ga rana, ga mahauta da 'yan dako da masu wankin kaya waɗanda zanen yatsunsu ya goge. Na'ura ta yi nawa, sai a fara roƙo, "don Allah a bar dattijon nan ya jefa, ga katinsa." Tausayi ne, na sani. Amma mutum ɗaya da ya jefa ba a tantance shi ba ya isa ya zubar da ƙuri'ar unguwa guda. Kuma idan ratar da ke tsakanin 'yan takara ta fi ƙarfin rumfar, doka ta ba hukuma dama ta sanar da wanda ya ci ba tare da an sake muku zaɓe ba. Shi ke nan fa, ɗan takarar da ya zo fadar Sarkin Hausawa neman goyon baya zai duba sakamako ya ga sifili a Sabo. Idan na'ura ta lalace ba a samu wata ba, hanyar da sashe na 47 na dokar 2022 ya bayar ita ce a ɗage zaɓen rumfar a sake cikin awa 24, in dai sakamakonta zai iya sauya lissafi. Wannan ya kamata mu nema, ba alfarma ba.

Haka batun hatimi. 'Yan Kano da ke cikinmu ba su manta ƙuri'a 165,663 da aka zaftare wa Abba Kabir Yusuf a Satumba 2023 ba, bisa hujjar babu hatimi ko sa hannu a jikinsu, kafin Kotun Ƙoli ta maido da su ranar 12 ga Janairu 2024. Juya takardarka ka duba bayanta kafin ka dangwala bai fi daƙiƙa biyu ba.

Wata al'ada tamu ita ce jefa ƙuri'a a koma rumfar kasuwa, ko a shige gida don gudun fitina. Ba na ganin laifin kowa, mu baƙi ne a idon wasu kuma mun ga abin da ya faru a wasu rumfunan Legas a Maris 2023. Sai dai takardar da kotu ke ba nauyi da yamma ake cike ta, bayan ƙirge. Doka ta ce malamin zaɓe ya sa hannu da hatimi, wakilan jam'iyyu da ke wurin su sa nasu, a ba su kwafi, a ba 'yan sanda. Shugabannin zango su ware matasa biyu ko uku masu karatu a kowace rumfa, su tsaya har a nuna adadin da BVAS ta tantance, a gwada shi da abin da aka rubuta a EC8A, su ɗauki hoto da wayarsu kafin akwati ya hau mota.